Rawanin Korau Mahaƙin Rijiya

Muna buɗewa da sunan Allah, Wanda Ya rarraba baiwa tsakanin bayinSa, bai tara ta duka ga mutum guda ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

An ruwaito cewa a wani zamani da ya shuɗe akwai wani gari da ake kira Tudun Marke. A kan tudu yake, babu kogi kusa da shi, babu tafkin da ke kai wa ƙarshen rani. Rayuwar mutanensa, bayan ikon Allah, ta rataya ne a kan rijiyoyi, saboda haka mahaƙan rijiya suke da wata daraja a can wadda ba su da irinta a sauran garuruwa. Suna da shugaba da ake kira Sarkin Rijiya, kuma game da wannan sarauta mutanen garin suna da al'adu biyu da suka gada tun kaka da kakanni. Ta farko, idan mai riƙe da ita ya rasu ba a zaman shawara, wanda ya fi kowa iya haƙa shi ake naɗawa, domin ba su san wata hanyar saka wa gwani ba in ba rawani ba. Ta biyu, duk wanda aka ɗaura wa rawani ya yi sallama da rami har abada, domin a ganinsu abin kunya ne ga gari a ce mai sarauta ya kasance a ƙarƙashin ƙasa, talakawa suna tsaye a kansa.

Sarkin garin a wannan lokaci shi ne Yunusa ɗan Gwadabe, mutum mai son alheri, mai saurin kyauta, mai saurin fushi kuma. A cikin mahaƙan zamaninsa babu kamar wani da ake kira Korau. A shekarar da aka yi fari mai tsanani, Korau ne ya shiga ramin da kowa ya yanke ƙauna da shi, ya yi ta dukan marmara da dagi har Allah Ya buɗe masa idon ruwa, gari ya tsira. Da tsohon Sarkin Rijiya ya cika, Sarki Yunusa da hannunsa ya ɗaura wa Korau rawani, zuciyarsa cike da farin ciki, yana ganin ya saka alheri da alheri.

Ba a daɗe ba al'amari ya fara lalacewa. Mahaƙa suka riƙa sulalewa zuwa wasu garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage suka zama masu gunaguni, aiki ya yi ta jan ƙafa. Ana cikin haka wata sabuwar rijiya ta rufta a kan wani magidanci mai suna Makau. An ciro shi da rai, amma ƙafarsa ta dagargaje, masu ɗori suka ce ba zai ƙara takawa da ita ba. Da Sarki ya bincika, sai aka gaya masa cewa Makau majanyin igiya ne, bai taɓa haƙa a ƙasa mai yashi ba, Korau ne ya tura shi ciki saboda ƙarancin mutane, ya kuma tsaya a bakin rami yana yi masa tsawa ya yi sauri.

Sarki ya fusata, fushi irin na wanda ya so mutum sannan ya ga kamar an ci amanarsa. Ya yanke cewa ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, za a warware rawanin Korau a ƙofar fada a gaban jama'a, dogarai su raka shi iyakar ƙasa, kada ya sake dawowa. Aka yi shela, gari ya ɗauka.

Da hantsin Juma'ar, Sarki yana zaune shi kaɗai a zauren ciki, sai aka yi masa iso da Malam Sa'adu. Wannan dattijo shi ne ya karantar da Sarki tun yana ƙarami, ya riƙe alƙalancin garin har ganinsa ya raunana ya ajiye. Sarki ya miƙe ya tarbe shi, ya zaunar da shi a kan buzu kusa da shi.

Bayan sun gaisa, Malam ya ce, “Allah Ya ja zamanin Sarki, na ji shelar da aka yi.”

Sarki ya ce, “Allah gafarta Malam, in ceto ka zo yi, ina roƙonka ka bar shi. Na ɗauko mutumin nan daga cikin rami na zaunar da shi tare da manya. Dubi abin da ya saka mini da shi.”

Malam ya ce, “Ban zo ceto ba. Tambaya ce ta kawo ni. In an kore shi, wa za a naɗa?”

“Wanda ya biyo shi a gwaninta, Tunau. Haka aka saba.”

Malam ya ja tasbaharsa. Can ya nisa ya ce, “To, ina ji maka tsoron abin da ya sami Arzika mai karofi.”

Sarki ya san halin malaminsa, ya san in ya fara haka ba ya tsayawa. Ya gyara zama ya ce, “Me ya sami Arzika mai karofi?”

Malam Sa'adu ya ce:

An ce a wani birni na gabas akwai wani attajiri da ake kira Arzika, wanda ya gaji babban karofi, wato wurin rini, da marina masu yawa a ƙarƙashinsa. Turkuɗin karofinsa, wato zanen da ake rinawa a can, ya yi suna, har fatake sukan bar na kusa su yi doguwar tafiya dominsa. Da harka ta yi masa yawa, sai ya ga ya kamata ya sa wani ya shugabanci marinan. Ya duba wanda ya fi kowa iya haɗa baba, wato ganyen da ake rini da shi, ya ga Mantau ne, mutumin da in ya sunsuna ramin rini zai gaya maka ko ya nuna ko da saura. Ya tara jama'a ya ce daga yau Mantau ne babba.

Shi kuwa Mantau ba mai magana ba ne. In ya ga wani yana kuskure, ba ya iya gaya masa inda ya kuskure, sai dai ya fizge zanen daga hannunsa ya yi da kansa. Manyan mutane masu 'ya'ya suka ga ana wulaƙanta su, husuma ta tashi, kayan masu kawo rini suka riƙa cuɗewa. Arzika ya tsige Mantau a tsakiyar karofi, kowa na kallo. Kunya ta hana Mantau komawa bakin raminsa, ya tattara iyalinsa ya bar birnin.

Arzika ya naɗa Nomau, wanda ya biyo Mantau a iyawa. Nomau mutum ne mai taushin zuciya, ba ya iya ce wa kowa a'a. Wannan ya ce yana da bikin suna, ya tafi. Wancan ya ce kansa na ciwo, ya kwanta. Aiki ya taru, Arzika ya tsige shi kamar na farko, shi ma ya bi hanya. Aka naɗa Cindo, bai kai girbi ba ya bi sahunsu.

Daga nan sai wani abin mamaki ya faru. Shunin karofin duka ya fara kodewa. Baba shi ne na da, toka ita ce ta da, amma zanen da aka rina ba ya kai wanki biyu. Wata rana Arzika ya laɓe yana kallo, sai ya ga wani marini da ya san hannunsa na da kyau ya tsamo zane tun bai gama shan baba ba, ya duba dama da hagu, ya shanya. Arzika ya fito ya tambaye shi dalili. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce iyakar iyawarsa ke nan.

Arzika yana da wata yaya mai suna Tabawa, gwauruwa ce, tana dama fura a gefen karofi, marina duk a wurinta suke sha. Ya je ya zauna a tabarmarta ya ce, “Yaya, ina jin an yi wa karofina sammu.”

Tabawa ta bushe da dariya har ta ajiye ludayi. Ta ce, “Sammu! Wa zai ɓata kuɗinsa wajen boka a kanka, alhali kana yi wa kanka kyauta? Tun kana yaro haka kake, in ka fasa ƙwarya sai ka ce iska ce.”

Ya ce, “Yaya, ba wasa ya kawo ni ba.”

Ta ce, “Ni ma na daina. Sha furarka, in ba ka labarin tsattsewa da tsuntsayen fadama.”

Ya ce, “Wane labari ne wannan?”

Tabawa ta ce:

A wata shekara ruwan wata fadama ya ƙafe, tsuntsayen da ke cikinta suka ga babu makawa sai sun yi ƙaura zuwa wani babban tafki a kudu. Suka taru don zaɓen wanda zai ja su. Shamuwa ta ce, “Tafiyar nan ta tashi sama ce. A ba wanda ya fi kowa iya tashi.” Kowa ya ce ai babu kamar tsattsewa. Aka ba ta jagoranci, aka yi ta guɗa, ba wanda ya tambaye ta ko tana so.

Da gari ya waye tsattsewa ta ce a tashi, ta ba iska fiffike. Kafin rana ta take ta kai wata kuka mai nisa, ta waiwaya, ba ta ga kowa ba sai danginta. Ta komo da faɗa ta tarar da fakara a gindin wata geza tana haki. Ta ce, “Ke kuma me kike jira?”

Fakara ta ce, “Numfashina nake jira, ranki ya daɗe. Na baro shi a baya.”

Tsattsewa ta ɗauka raini ne. Ba mugunta gare ta ba, ita dai tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta san abin da ake kira gajiyar fiffike ba, don haka duk wanda ya ce ya gaji, a wurinta maƙaryaci ne ko malalaci. Ta ci gaba da kora su. Ayari ya tsinke, masu ƙarfi a gaba, zabi da fakaru da 'ya'yansu a warwatse a baya. Shaho ya ga banza ta faɗi, ya yi ta ɗiba.

Da suka sauka, iyayen da suka rasa 'ya'ya suka ce sai an fige tsattsewa gashi ɗaya ɗaya. Aka kewaye ta. Sai wata tsohuwar gauraka ta ratso tsakiya ta ce, “Ku dakata. Ranar da kuka zaɓe ta, me kuka auna?”

Suka ce, “Gudu.”

“Ta yi gudun ko ba ta yi ba?”

Suka ce, “Ta yi, har ya yi yawa.”

Ta ce, “To abin da kuka saya shi aka ba ku. Wa a cikinku ya tambaye ta ko ta taɓa waiwayawa ta jira wani?” Gauraka ta juya ga tsattsewa ta ce, “'Yata, da kika yi gaba kika dawo, me kika gani a hanya?”

Tsattsewa ta ce ta ga kududdufi a bayan wani tsauni, ta ga inda maharba suka ɗana tarko a gefen wata ƙorama, ta ga gobarar daji tana tahowa daga yamma. Tsuntsaye suka dubi juna, domin hanyar ƙoramar nan suka yi niyyar bi da safe.

Gauraka ta ce, “Kuna da ido irin wannan, kuka mai da shi makiyayi.” Ta ba da shawara a ba dinya, wato babbar agwagwar daji, jagoranci, domin jikinta na da nauyi, ta san zafin gajiya, kuma ba ta tashi sai ta ga na ƙarshe ya tashi. Tsattsewa kuwa ta riƙa yin gaba tana dawowa da labarin hanya.

Tsattsewa ta ce, “Wato an sauke ni ke nan.”

Gauraka ta ce, “An sauke miki kaya dai. Kuma ku shaida, duk ruwan da muka isa, ita za ta fara sa baki kafin jagora, domin ita ta gano shi.” A haka suka isa tafkin, ba su ƙara rasa ko ɗan tsako ba.

Da Tabawa ta kai nan sai ta dubi ƙanenta ta ce, “Su sun sami gauraka kafin su fige tasu. Kai ka fige naka har uku a tsakiyar karofi. Sauran marinan suna zuwa nan suna shan fura, ina jin abin da suke faɗa. Sun lura duk wanda hannunsa ya yi kyau, shugabanci ake jefa masa, daga shugabanci sai tsigewa, daga tsigewa sai barin gari. Kowa na da iyali, Arzika. Shi ya sa kowa yake ɓoye hannunsa, kada ka gan shi.”

Arzika ya ajiye ƙwaryar fura bai ƙarasa ba. Ya aika a nemo masa Mantau, aka same shi a wani gari ya kafa nasa karofin, ya ce a gaishe da Arzika, amma ƙasar da aka kunyata shi a gaban 'ya'yansa ba zai sake taka ta ba. Nomau ya riga ya rasu. Arzika ya yi rantsuwa ga marinan da suka rage cewa ya canza, amma tsoron da aka daɗe ana shukawa ba ya fita da rantsuwar yini ɗaya. Fatake suka sauya hanya, ramukan rini suka bushe, yara suka riƙa wasan ɓuya a cikinsu.

Malam Sa'adu ya ce, “Wannan shi ne abin da ya sami Arzika. Ranka ya daɗe, yau bayan Juma'a Tunau zai tsaya a cikin taro, yana kallon abin da gwaninta ta jawo wa wanda ya fi shi. Sauran mahaƙa ma za su tsaya. Karofi in ya mutu, mutane su sa farin zane. Garinka kuwa ba shi da kogi.”

Maganar ta shiga Sarki, amma fushinsa bai gama sauka ba. Ya tuna matar Makau da ta zo ƙofar fada da goyo tana kuka. Ya ce, “Malam, tsuntsaye ba su da alƙali, ni kuwa Allah zai tambaye ni. Ƙafar Makau fa? In bar ta ta tafi a banza don tsoron kada rijiya ta yi ƙaranci?”

Malam ya ce, “Subhanallahi. Ni da na yi shekaru ina hukunci, ba zan ce a zubar da haƙƙin wanda aka cuta ba. Abin da nake cewa, a raba laifin daidai, kowa ya ɗauki kasonsa. Ka ba ni izini in yi maka tambayoyi irin na zauren shari'a?”

Sarki ya ce, “Na ba ka.”

“Kafin ka naɗa Korau, ka gwada shi da jagorancin ko mutum biyar, ka ga yadda zai yi da su?”

“Ban gwada ba.”

“Bayan naɗin, ka haɗa shi da wani dattijo da zai nuna masa yadda ake raba aiki, da yadda ake tsawatarwa ba tare da an karya mutum ba?”

“Ban yi ba.”

“Da mahaƙa suka fara barin gari, ka kira ko ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi abin da ya kore shi?”

Sarki ya tuna an gaya masa tun tafiyar na farko, shi kuwa ya ce ai ɗan Adam ba ya son a fi shi, hassada ce kawai.

Malam ya sassauta murya ya ce, “Malamanmu sun sharɗanta abu biyu ga wanda za a ba aiki, ƙarfi da amana. Amanar Korau ba wanda ya tuhume ta. Amma ƙarfi iri-iri ne. Ƙarfin fasa dutse daban, ƙarfin riƙe zukatan mutane daban, kuma Allah Yakan ba bawa ɗaya Ya hana shi ɗayan, ba don Ya ƙasƙantar da shi ba. Shugabanci ba tukwici ba ne da ake miƙa wa wanda ya faranta mana rai. Kaya ne, kuma wanda ya ɗora kaya a kan da bai auna ba, in kayan ya faɗo ya danne wani, ba mai ɗauka kaɗai za a tambaya ba. Al'adun nan biyu kuwa, kakanninmu ne suka ƙaga su da kyakkyawar niyya. Ba wahayi ba ne.”

Sarki ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya kira wani bafade ya ce a zo da Korau, kuma kada dogari ya taɓa shi.

Korau ya shigo ya zube ya yi gaisuwa. Sarki ya ga ya rame, idanunsa sun faɗa, rawanin ya zauna a kansa kamar na aro. Sarki ya ce, “Korau, ranar da na naɗa ka, kana so?”

Korau ya ce, “Allah Ya ba ka nasara, ai ba a ce wa Sarki a'a.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.”

Korau ya ce, “Ban so ba, ranka ya daɗe. Ni abin da na sani a hannuna yake, ba a bakina ba. Ina tsaye a bakin rami, ina ganin mutum yana sara inda bai kamata ba, in buɗe baki in gaya masa, sai tsawa ta fito. Su ce na zama mai girman kai. Wallahi ba girman kai ba ne, ƙuna ce.”

“Makau fa?”

Korau ya sunkuyar da kai ya ce, “Yashi in zai saki, yakan yi wani motsi da na ciki kaɗai ke ji a tafin ƙafarsa. Daga sama ba a ji. Da safiyar nan na kama igiya zan sauka da kaina, dattawan unguwa suka riƙe mini riga, suka ce kada in ja wa gari abin faɗa da rawani a kaina. Na saki igiyar.” Ya share ido da gefen hannu. “Amma ni na ce Makau ya sauka, na kuwa san bai iya ba. Ni na yi masa tsawa. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Duk hukuncin da Sarki ya yanke, na ɗauka.”

Sarki ya ji nadama wadda ta fi fushin da ya kwana da shi. Ya ce, “Ka ɗauki naka, saura nawa. Ga hukuncina. Za ka je wurin Makau ka nemi gafararsa, kuma gonarsa tana wuyanka, kai za ka nome ta muddin ba ya iyawa. Ci da suturar gidansa kuwa suna wuyana, daga dukiyata, ba daga baitulmali ba. Ba za a kore ka ba, ba kuma za a warware rawaninka ba, domin da dagi ka same shi, ba da roƙo ba. Amma na ɗauke maka hukuncin mutane. Daga yau kai ne Gwanin Rijiya. Duk ramin da ya gagara kai za a kira, duk mai son koyo a gefenka zai tsaya ya ga hannunka.”

Korau ya ɗago kai a hankali ya ce, “Ranka ya daɗe, a gefena a ina? A sama?”

Sarki ya ce, “A ƙasa. Wanda ya sake riƙe maka riga, ka turo shi wurina.”

Korau ya kifa goshinsa a ƙasa. Da ƙyar ya tashi ya fita.

Sarki ya juya ga malaminsa ya ce, “Game da Sarkin Rijiya kuwa, zan aika a kira waɗanda suka tafi, in sun yarda su dawo. In tara su da na gida, in tambaye su ɗaya ɗaya, in abu ya dame su a wurin aiki wa suke kai wa kuka. Wanda sunansa ya fi fitowa, a ba shi rijiya guda ya jagoranta, kai da dattawa kuna lura da shi kuna gyara masa. In ya iya, a naɗa shi. In bai iya ba, ya koma aikinsa da mutuncinsa, ba wanda zai ce an tsige shi. Na karɓi karatun, Malam. Na so a ce tun kafin ƙafar Makau na karɓe shi.”

Malam ya ce, “Allah Ya yi maka albarka. Sai dai abu guda. An yi shela, kuma yanzu haka jama'a na haramar zuwa ƙofar fada don su ga wanda za a kunyata. Me za ka ce musu?”

A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya da kiran farko. Sarki ya saurara har ya ƙare, yana amsawa a hankali. Sa'an nan ya miƙe, ya kama hannun dattijon ya tashe shi, ya ce, “Ba za su koma banza ba. An yi musu alkawarin za a faɗi sunan mai laifi a gabansu, za a kuwa faɗa. Da sunana, ni Yunusa ɗan Gwadabe, zan fara.”

Iyakar abin da ya iso gare mu na wannan hikaya ke nan. Allah Ya sa duk wanda aka ba riƙon mutane ya san abin da ya riƙa, Ya gafarta mana abin da muka ɗora wa wasu bisa jahilci. Shi ne Mafi sani.